Allon Auta

Da layin wannan makon ya zagayo kanmu, mun yi niyyar kawo gajeren labari ne kamar yadda muka saba. Sai dai akwai wani allo a gidanmu da ya daɗe yana neman a ba da labarinsa, kuma mai allon ta ba mu izini, da sharaɗin kada mu kama sunan kowa. Don haka za mu kira ta da sunan da muke kiranta a gida, Auta.

Allon na ƙarfe ne, fari da shuɗin rubutu, tsawonsa ya kusa kai ƙyauren ɗaki. A sama an rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. A ƙasa kuma an rubuta: ƘWARARRIYAR LIKITAR DAMUWA DA MATSALOLIN ƘWAƘWALWA. Mu uku yayyenta muka tsara kalmomin, muka haɗa kuɗi muka kai wa mai fenti a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani. Har yau ba a kafa allon nan a ko'ina ba.

Kafin mu zo kan dalili, sai mun ɗan koma baya.

Mu 'yan Kakuri ne, a Kaduna, tsallaken kogi ta kudu. Wanda ya san Kakurin da, ya san unguwa ce ta jiniya. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a 1957, jiniyar canjin aiki ce agogon jama'a. Da ita mata ke ɗora tukunya, da ita masu abinci ke fito da kwanuka bakin get. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun ne. Mu manyan mun san shi mutum mai barkwanci, mai shigowa gida da tsire a takarda ranar albashi, mai goya mu a keke ya kai mu tasha mu ga jirgin ƙasa. A farkon shekarun 2000 masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya zo daidai da lokacin da rikicin 2000 da na 2002 suka sa maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kayansu, wasu suka haura gada, wasu suka gangaro. Cikin ɗan lokaci Baba ya rasa aiki, ya kuma rasa abokan hira.

Bai yi ihu ba, bai yage riga ba, bai shiga bola ba. Shiru kawai ya yi. Da safe ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida, ya zauna har azahar. Ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina kunna rediyo. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwano. Umma ta ce cikin dare takan farka ta gan shi zaune a bakin gado, ido biyu. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ai tawakkali ne ya yi masa yawa, wasu suka ce girma ne ya zo. An yi masa rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti an duba hawan jini da gyambon ciki. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa zama ya ce, “Baba, me ke damunka?” sannan ya jira amsa. A haka ya shekara fiye da goma, har Allah ya karɓi abinsa a 2014.

An haifi Auta a 1998. Ita wannan Baban mai shiru kaɗai ta sani. In muna ba da labarin barkwancinsa, sai ta riƙa kallonmu kamar muna maganar wani mutum daban. Ranar da za ta cike fom ɗin JAMB, babbanmu ya ce ta sa aikin jinya ko lauya. Ta ce ita ilimin halayyar ɗan Adam za ta karanta. Aka tambaye ta dalili. Ta ce, “Yaya, so nake in san abin da ya ɗauke Baba tun kafin mutuwa ta ɗauke shi.” Ɗakin ya yi tsit, babu wanda ya sake magana.

Dangi kuwa ba su yi tsit ba. Wata gwaggonmu ta ce, “To ke nan duba za ki koyo, ki riƙa faɗa wa mutane abin da ke ransu?” Wani kawu ya ce duk mai karatun mahaukata ƙarshensa shi ma sai ya taɓu. Ku da kuka san Kaduna kun san nauyin kalmar Barnawa a bakin yara. Unguwa ce mai kyau, maƙwabciyarmu, amma saboda Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke cikinta, da zarar yaro ya yi wauta sai a ce za a kai shi Barnawa, kamar yadda Kanawa ke cewa Dawanau, Sakkwatawa su ce Kware, mutanen Legas su ce Yaba. Mun tashi tafiyar 'yan mintuna a Keke Napep tsakaninmu da asibitin nan, mahaifinmu yana zaune a gindin bishiya, amma bai taɓa zuwa ran kowa ba cewa akwai abin da ya haɗa su.

Auta ta samu Jami'ar Jos a 2016. Karatun shekara huɗu ne, korona da yajin aikin 2020 suka ƙara masa tsawo. Ta gama, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida a farkon 2023 da takardunta a jaka. Mu kuma mun riga mun gama lissafinmu. Akwai shagon da ɗayanmu ya tashi daga ciki a bakin titi. Za a yi masa fenti, a sa labule, a sa kujeru biyu da fanka, a kafa allo. Mun ga yadda mutane ke cikin matsi, mun ga ma'aurata na neman mai sulhu, mun ga iyaye na kuka da shaye-shayen 'ya'yansu. Muka ce ga kasuwa, ga lada. Kuma gaskiya, bayan shekarun da muka yi muna haɗa kuɗin makaranta, mun ƙagu mu ga itacen ya fara 'ya'ya.

Da dare muka shigo da allon lulluɓe da zane, muka jingine shi a tsakar gida, muka kira ta. Ta yaye zanen, ta karanta, ta sake karantawa. Muna jiran guɗa, sai muka ji ta ce, “Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma kalma uku a allon nan ba tawa ba ce. Ni ba ƙwararriya ba ce, ba likita ba ce, kuma ba ni da izinin duba mai ciwon ƙwaƙwalwa.”

Ranmu ya ɓaci, ba za mu ɓoye ba. Babbanmu ya ce, “To shekara biyar ɗin me kika je yi Jos?” Ta ce ta je ta koyo tushe ne: yadda yaro ke girma, yadda mutum ke koyo da mantuwa, yadda ake bincike da auna hali. Ta ce digirin farko a wannan fanni kamar saukar Alƙur'ani ne, ana yi wa mutum walima, amma ba a ba shi kujerar fatawa. Muka ce in dai izini ne matsalar, a nemo izinin. Lasisi dai ko? Mai tuƙi ma yana da shi, mai kemis yana da shi. Nawa ne, kuma a wane ofishi ake yanka?

Nan muka shiga neman da ya buɗe mana ido. Da muka rubuta tambayar a intanet, duk amsoshin da suka fito na Amurka ne. A can kowace jiha tana da hukumarta ta ba masana halayyar ɗan Adam lasisi. Galibi sai mutum ya yi digirin digirgir, ya yi aiki a ƙarƙashin kulawar wani babba na tsawon sa'o'in da aka ƙayyade, a jihar Kalifoniya sa'o'i 3,000, sannan ya ci jarrabawar ƙwarewa da ake kira EPPP. In ya koma wata jiha, sai ya nemi amincewar hukumar can. Da muka karanta haka sai muka ɗauka mu ma a jiharmu haka abin yake. Ɗayanmu ya saka manyan kaya, ya haye gada, ya shiga wani ofishin gwamnati ya ce ya zo yankar wa ƙanwarsa lasisin. Wani dattijon ma'aikaci ya ba shi kujera, ya saurare shi, ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, a nan ƙasar ba jiha ke ba ma'aikacin lafiya lasisin sana'arsa ba. Jiha tana rajistar wurin da za a buɗe ne. Shi mutumin, majalisar sana'arsa ta tarayya ke ba shi.”

Haka ne kuwa. Likita yana da majalisarsa, wato MDCN, wadda ke rajistarsa, yake sabunta lasisinsa a wurinta duk shekara, kuma take iya dakatar da shi in ya yi ba daidai ba. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu. Masu haɗa magunguna suna da tasu. Da muka zo kan masana halayyar ɗan Adam, sai muka tarar a lokacin babu irin wannan majalisa da doka ta kafa musu. Abin da ke akwai ƙungiyoyin sana'a ne: ƙungiyar masanan ta ƙasa baki ɗaya, NPA, da ta waɗanda ke aiki da marasa lafiya a asibiti, NACP. Su ke rajistar 'ya'yansu, su ke shimfiɗa ƙa'idojin aiki, kuma sun daɗe suna bin Majalisar Tarayya da ƙudurin dokar da za ta kafa musu majalisa. Wannan kuwa a ƙasar da aka buɗe sashen koyar da fannin tun 1964, a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Maƙwabtanmu na Ghana sun kafa tasu majalisar da dokar 2013.

Auta ta zana mana matakalar a bayan wata takarda. Digirin farko, shekara huɗu. Sai digiri na biyu a ɓangaren da ya shafi duba marasa lafiya, wanda Jos na cikin jami'o'in da ke yin sa. Sai horon sanin makamar aiki a asibitin ƙwaƙwalwa ko asibitin koyarwa, inda duk wanda ka gani sai ka koma ka zauna da na gaba da kai ya bi diddigin abin da ka yi. Sai rajista da ƙungiyar sana'a. Ta kuma raba mana abin da muka cakuɗa a allo. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne sosai, ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba ya rubuta magani, aikinsa aunawa ne da gwaje-gwajen fanninsa da kuma magani ta hanyar zama da tattaunawa mai tsari. Akwai ma'aikacin jinya da ya ƙware a wannan ɓangare. Akwai ma'aikacin jin daɗin jama'a mai bin mara lafiya har gida. Akwai mai ba da shawara irin na makarantu, wanda ake horarwa a tsangayar ilimi kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kowa da gonarsa, kuma aikin ba ya kyau sai sun haɗa hannu.

Maimakon wannan bayani ya sanyaya mu, sai ya ba mu ƙafa. Muka ce, to ai shi ke nan, tunda babu majalisa, babu mai kama ki. Ga wasu nan da kwas ɗin sati biyu a waya sun buɗe ofis suna karɓar kuɗi, ke da digirinki kina noƙewa. Ta ce, “Yaya, rashin mai kama ni shi ne abin da ke ba ni tsoro.” Muka ce tsoro ne kawai irin na 'yan boko. Kusan wata guda muna gaisawa sama-sama da ita. Umma ce kaɗai ba ta sa baki ba.

Abu biyu suka faru a wannan shekarar da suka sauko da mu.

Na farko, wata ƙawar Umma ta zo da ɗanta, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Labari ya riga ya zaga unguwa cewa gidanmu an yi likitar ƙwaƙwalwa, kuma mu muka yaɗa shi. Uwar ta ce kwana biyar ke nan bai runtsa ba, yana ta magana ba tsayawa, ya rabar da kayan shagonsa kyauta. Wasu sun ce ƙwaya ce, wasu sun ce aljanu ne, kawunsa kuma ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure. Muka leƙo ta taga muna cewa yau Auta za ta nuna abin da ta karanto. Ta zauna da shi a zaure, uwar na gefe, kusan awa guda, yawanci shi ke magana. Da ta fito sai ta ce wa uwar, “Mama, ni ba zan iya faɗa miki sunan abin da ke damunsa ba, kuma ba ni da maganinsa. Amma ya faɗi wata magana da ta sa ba na so ya sake kwana bai ga likita ba. Ki tashi mu tafi Barnawa yanzu, zan raka ku.”

Uwar ta fashe da kuka. Ta ce ita da ta zo nan don a rufa mata asiri, shi ne za a kai ɗanta inda duk unguwa za ta ji? Wa zai ba shi mata? Auta ta durƙusa gabanta ta riƙe hannunta, ta yi ta lallashi har ta yarda. Mu kuwa kunya ta kama mu, muna ganin ta watsa mana ƙasa a ido, an kawo mata aiki har gida ta ce ba ta iya ba. Suka tari Keke Napep suka tafi. Ba su dawo ba sai bayan isha'i, kuma ba tare da yaron ba, an ba shi gado. Bayan 'yan makonni aka sallame shi, yana shan magani, yana komawa ganin likita da masanin halayya. Yau yana shagonsa. Mun tambayi Auta wace magana ce ya faɗa mata a zaure. Ta ce ba tamu ba ce. Har yau ba ta faɗa ba, ko Umma ba ta sani ba.

Da a ce allon nan yana kafe, da kujeru biyu da fanka, da kuɗin da aka biya a ƙofa, anya za ta iya cewa ba ta iya ba? Mai allo da ya ce ƙwararre ne, da wane baki zai ce a wuce gaba? Wannan tambayar ta daɗe tana cin mu.

Na biyu ya faru da wata baiwar Allah da muka sani. Ta je wurin ɗaya daga cikin masu ofishin nan, wanda ke kiran kansa masanin matsalolin aure da damuwa. Ta zazzage masa cikinta, har abin da ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba. Bayan kwana kaɗan sai ga shi a bidiyo kai tsaye yana ba da labarinta a matsayin darasi. Bai kama suna ba, amma ya faɗi unguwa, ya faɗi sana'ar mijin, ya faɗi yawan 'ya'yan. Kafin dare dangin mijin sun gane. Auren bai kai ƙarshen wata ba. Da 'yan'uwanta suka tashi neman hakki, sai aka rasa inda za a kai ƙararsa ta fuskar sana'a. Ba ɗan wata ƙungiya ba ne balle a kore shi, ba shi da lasisi balle a ƙwace. Washegari ya buɗe ofishinsa kamar kullum.

A nan muka gane abin da muka kasa ganewa tun farko. Mu mun ɗauki lasisi a matsayin takardar da ke buɗe ƙofar kasuwa. Ashe amfaninsa ga mai zuwa neman taimako ne: shaida ce cewa an horar da wannan mutum, wani ya sa ido a kan aikinsa, kuma in ya ci amana akwai inda za a kai shi a karɓe takardar. Wanda ya shiga ɗakin masanin halayya yana shiga ne a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni. Ba shi da ƙarfin tantance na ƙwarai da na bogi. In babu hukumar da za ta tantance masa, abin da ya rage masa kawai shi ne tsoron Allah na wanda ke zaune a ɗaya kujerar. Auta ta ga wannan tun tana da shekara ashirin da biyar. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a gidanmu an samu akasi.

Kada wani ya ɗauka ƙasar a tsaye take cik. A watan Janairun 2023, daidai lokacin da muke rigimar allo, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ita ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, lokacin da ake kallon mai wannan lalura a matsayin wanda za a killace kawai. Sabuwar dokar ta amince cewa yana da hakkoki, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Mu mutanen Kaduna mun san dalilin da ya sa ake buƙatar irinta, don ba mu manta watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Ba ƙiyayya ta sa su ba, rasa inda za su kai su ne.

Buƙatar kuwa ba ta misaltuwa. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Ƙara da waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa, irin fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ranar 28 ga Maris 2022, da matan da haihuwa ke bari da damuwa, da iyaye irin Babanmu da ke zaune a gindin bishiya ba wanda ya san sunan ciwonsu. Wannan yawan buƙata shi muka kafa hujja da shi muka ce Auta ta yi sauri. Ita kuma da shi ta kafa hujja ta ce dole a yi abin da kyau, don inda ƙishirwa ta yi yawa nan ake sayar da gurɓataccen ruwa.

Wani abin da ya burge mu, karatun bai raba ta da mutanenta ba. Ita ta ba mu labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauyawa tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sa a ce wa mutum ya zaɓa tsakanin addu'a da asibiti ba. Yaron nan na ƙawar Umma, uwarsa ba ta fasa yi masa tofi ba, shi kuma bai fasa shan maganinsa ba. Babbar wahalarta yanzu, in ji ta, ita ce harshe. Da Turanci ake koyar da ita, da Hausa za ta saurari mutane. Bahaushe ba ya zuwa ya ce yana da ciwo kaza. Cewa zai yi zuciyarsa ta yi nauyi, ko ƙirjinsa na zafi, ko abin duniya ya ishe shi, ko kansa na yawo. Kalmar damuwa ita kaɗai muke ɗora wa kaya iri-iri, daga rashin kuɗin cefane har zuwa ciwon da ke kwantar da mutum shekara goma.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, 'yan'uwa marubuta. Mu duba littattafanmu da labaran da muke sakawa. Sau nawa muka sa tauraruwa ta haukace don an yi mata kishiya, ta yage kaya ta shiga titi, sannan a shafi na gaba wani “likita” ya yi mata allura ɗaya ta warke? Sau nawa muka sa likitan ya fito ya zayyana wa duk dangi sirrin da ta faɗa masa, muka ɗauki hakan a matsayin gwaninta? Sau nawa muka rubuta mutum irin Babanmu, wanda ciwonsa shiru ne? Mai karatu yana ɗaukar darasi daga labari fiye da yadda yake ɗauka daga lacca. In muka nuna masa cewa Barnawa wurin ɗaure mutane ne, ranar da ɗansa ya kwana biyar bai yi barci ba, gidan mari zai nufa. In za mu sa masanin halayya a labari, mu san me yake yi, me ba ya yi, shekara nawa ya yi kafin ya zauna a kujerar. Mu je mu tambaya, suna nan, kuma yawancinsu suna murna in an tambaye su. Aikin samo kalmomin Hausa da za su rarrabe waɗannan cututtuka ma namu ne tare da su, don su ke da ilimin, mu ke wasa da harshen.

Sannan mu tuna mu ma sana'armu babu mai ba mu lasisi. Mutane na ba mu labarinsu a amana, mu mayar da shi babi. Kafin mu kawo wannan rubutu sai da muka karanta wa Auta, ta cire abubuwa uku, ta sa muka sauya wasu don kada a gane mutanen. Ƙawar Umma da ɗanta ma sai da aka nemi yardarsu. Da can ba ma yin haka.

Yanzu Auta tana kan digirinta na biyu. Mu ukun da muka haɗa kuɗin allo mu ke haɗa kuɗin makaranta, ba tare da gunaguni ba a wannan karon, ko da yake aljihu na ji a jikinsa. Shagon an ba wani mai gyaran waya haya. Babbanmu, wanda ya fi kowa faɗa a daren nan, shi ne ya kira ta ya ce ta yafe mana. Ta ce babu komai, amma in lokaci ya yi ita za ta tsara kalmomin da kanta, kuma za su yi gajarta fiye da namu.

Allon kuwa Umma ta samo masa aiki. Ta kifa shi a kan bulo huɗu a tsakar gida, rubutun na kallon ƙasa, tana shanya kuɓewa da tattasai a bayansa. Ta ce ba ta taɓa samun abin shanya mai ɗaukar rana kamarsa ba.

Muna roƙon ku sa Auta a addu'a, Allah ya sa ta gama lafiya, ya sa ta riƙe amanar da za a ba ta. Ku sa Babanmu ma, Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe mana tambayar da ba mu yi masa ba. Wanda kuma yake da irin Babanmu a gida yau, ya je ya zauna kusa da shi ya tambaye shi, ya kuma jira amsa. In abin ya fi ƙarfin hira, asibiti na nan. Gyara da shawara duk muna maraba da su kamar kullum. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.